Ɗingishin Gwaggo Karangiya

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa da 'yarta, ina roƙon Allah ya sauke ki Kano lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin bakin mutane. Na cusa wannan takarda a aljihun jakarki na gefe, ƙarƙashin ƙullin yaji da kuka, don na san ba za ki buɗe wurin ba sai kin isa. Da a ce hannu da hannu na ba ki, da kin karanta layi biyu kin ce, "Kai Mama, kin fara," kin ninke ta. To, na fara ɗin. Sai ki samu wuri ki zauna.

Na ga bidiyon nan. Wanda masu shirya fim suka gani har suka kira ki. Kin ce mini wani ɗan barkwanci ne kika yi a waya, ba ki nuna mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Wani mai keke ne, magidanci da furfurarsa, yana cin waina a rumfata ta bakin tasha, ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Gwaggo, zo ki ga kanki!" Na leƙa. Sai ga ki cikin tsohon baƙin saƙin nan mai jan layi wanda nake ɓoyewa a ƙasan akwati, kin ɗora ƙwarya a kafaɗa, kina ɗingishi, kina cewa da muryata sak, "Ni fa da kuke gani, 'yar fim ce!" Har da zaro kwalin tsohon kaset daga ƙarƙashin faranti, yadda nake yi wa baƙi. Mutumin nan ya yi dariya har ya ƙware. Ni ma na yi, don shekara goma sha bakwai na yi ina koyon dariya a inda ake so a ga haƙorana. Da ya tafi na juya, tanda guda ta ƙone ƙurmus.

Fahariyar ba ta dame ni ba, gaskiya kika faɗa, ina yin ta. Zanen da ɗingishin ne suka hana ni sukuni. Ke a zatonki kayan wasana ne, kayan Gwaggo Karangiya da na fito da ita a fina-finan ban dariya tun zamanin kaset. Shekaranjiya kuma na ji ki a waya kina ce wa masu shirya fim ɗin, "Har da zanen zan taho." Kafin ki ɗaura shi a gaban kyamara, dole ki san na wane ne. Laifina ne da ban taɓa gaya miki ba.

Sunanki na yanka Hauwa'u, sunan mahaifiyata ne, shi ya sa nake kiranki Uwani. Wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba ya fi yawa. Inna Bakambariya ce daga wani ƙauye a bayan Dukku ta ƙasar Rijau. Ba ta ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa take ɗorawa kamar sauran matan garinsu. Hausarta a kasuwa ta koye ta, tana fita a karkace. Ƙafarta ta hagu gajera ce kaɗan, tana jan ta. Idan abu ya ishe ta sai ta sauke ƙwarya, ta tafa hannu sau uku, ta ce, "Duniya, ba ni hanya in wuce!" Kin gane maganar ko? Ita ce kika tashi kina ji yara suna yi mini a titi.

Ina da shekara tara ƙanwar babana ta ɗauko ni zuwa Kontagora makaranta. A nan na fara lalacewa, kuma ba da wani babban abu ba. Idan Inna ta zo duba ni da ƙwaryar gyaɗa a kafaɗa, sai in laɓe bayan aji don kada 'yan ajinmu su ji Hausarta. Kambarcin da na zo da shi na bar shi ya zube da gangan. Ki kiyayi wannan, Uwani. A Kano za su ji bakinki su ce ke 'yar Neja ce, Hausarki da sauranta. Su ce ɗin. Kada ki fara kankare harshenki don ki yi kama da su, don wanda ya ji kunyar bakin gidansu wata rana mutanen gidan zai ji wa kunya.

Aurena na fari ya mutu ba haihuwa. Na bi wata ƙawata Kano, ita ta kai ni wurin wani darakta ana ce masa Sabo. A lokacin wasan ban dariya ba a rubuta shi. Darakta zai tara ku a tsakar gidan da aka aro, ya ce ga abin da ya faru, ku shiga, kowa ya nemi abin faɗa a cikinsa. Kaya ma kowa da nasa yake zuwa. Rannan ya ce mini, "Ke maƙwabciya ce. Akuyarki ta shiga gidan Malam ta cinye masa shanya, ya kama ta ya ɗaure. Shigo ki yi masifa. Akshin!"

Na shigo na tsaya ƙiƙam. Sau uku ana yi, sau uku bakina yana mutuwa. Na ji Sabo ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai ba ta da jini a jika. A nemo mana wata." Wallahi hankalina ya tashi, na hango kaina a motar komawa gida da kunya. Sai idona ya faɗa kan wata ƙwarya a gindin randa. Na ɗauka, na ɗora a kafaɗa, na ja ƙafar hagu, na buɗe baki, sai Inna ta fito. Hausarta, tafinta, komai. Mai kyamara ya yi dariya har hoton ya girgiza, aka sake. Sabo yana share hawaye ya ce, "Ke, ina kika samo wannan?" Na ce, "Ƙirƙira na yi." A ranar suka raɗa mini Gwaggo Karangiya.

Kin ga kuskuren farko. Tsoro ya kama ni, na kai hannu na ɗauki abin da ya fi kusa, kuma ba nawa ba ne. Ke ma ranar za ta zo miki. Za a ce akshin, kanki ya ɗauke wuta, mutum goma suna kallonki. A wannan lokacin abin da zai zo miki a baki na mutanen gida ne, don su kika fi sani. Gara a ce ba ki da jini a jika, ki koma gefe ki sha ruwa. Na rantse miki, tsakin darakta kwana ɗaya yake yi a rai.

Na biyu ya fi muni, don shi da hankalina na yi shi. Sabo ya ce kayana sun yi kyau da yawa, in nemo na ƙauye na gaske. Na hau mota takanas har ƙauyenmu. Inna ta yi murna, ta yanka mini kaza. Na ce ta ara mini saƙinta da ƙwaryarta, wai za a yi taron nuna kayan gargajiya a birni. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wanda ta yi aure da shi, ta kakkaɓe, ta ninke da hannunta, ta ce in gaya wa mutanen birni uwarta ce ta kaɗa zaren. Na karɓa har da durƙusawa. Shi ne zanen da kika ɗaura kika yi rawar ɗingishi a tsakar gidana.

Idan za ki taɓa kayan mutum, ko tafiyarsa, ko maganarsa, je ki gaya masa abin da za ki yi da su, ido da ido. Idan bakinki ya kasa faɗa, to kin samu amsarki tun daga nan. Ke ba ki yi mini ƙarya ba, kin dai jira na tafi tasha kika buɗe akwati. Tsakanin abin da kika yi da abin da na yi, ban ga tazarar kirki ba.

Fim ya fita, ya karɓu. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Ni ba jaruma ba ce, ba ni ake sawa babba a kwali ba, kullum ina can kusurwa da ƙwaryata. Amma in ba Gwaggo Karangiya a fim, 'yan kasuwa sai su yi ta tambaya. Kaina ya kumbura. Na riƙa gaya wa kaina ai ƙauyenmu ba wuta, wa zai gani? Wauta ke nan, kamar kaset ba shi da ƙafa.

Ranar kasuwar Dukku wani ya kafa rumfar kallo da janareta. Yayana Audu ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce Inna ta shigo kasuwa da dawarta a kafaɗa, sai ta ga mutane suna nuna ta. Matan da ta tashi tare da su suna rufe baki da gefen mayafi. Wani mahauci ya tafa hannu sau uku ya ce, "Duniya, ba ni hanya in wuce!" kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Ba ta gane ba. Sai wata ta ja hannunta zuwa rumfar, da rana tsaka, ta ce zo ki ga 'yarki. Ta tsaya a baya ta kalla har ƙarshe, ba ta sauke kayan ba.

Bayan kwana huɗu na zo hutu Kontagora, sai ga ta da Yaya Audu. Na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafar hagun, ta ɗage zane ta nuna mini idon sawun da ya karkace.

Ta ce, "Rakiya, kin san abin da ya samu ƙafar nan?"

Na ce, "Ba haka aka haife ki ba, Inna?"

Ta ce, "Kina shekara biyu kyanda ta kama ki. Damina ce, ba mota. Na saɓa ki a kafaɗa zan kai ki asibiti Rijau. A rafi na zame, ƙafar ta karye. Na tashi na ci gaba da tafiya a kanta, don numfashinki yana ɗaukewa. Ko da aka zo ɗori ta riga ta kama a haka." Ta sauke zanen. Ta ce, "Kin iya ta sosai. Na gani."

Uwani, kin san abin da uwarki ta yi? Dariya na yi. Irin ta aiki. Na ce, "Haba Inna, ai wasa ne! Kowa sonki yake yi, kin zama tauraruwa." Na shiga ɗaki na ɗauko turmin atamfa da sabulai na ajiye mata. Ta dube su, ta dube ni, ta ce wa Yaya Audu su tashi. Atamfar a nan ta bar ta. Zanenta ma ba ta tambaya ba.

Kalma ɗaya ake buƙata a wurin nan, kuma na san ta. Girman kai ya hana ni, da tsoron in na ce ta yafe mini za ta ce in daina, ni kuma ban shirya dainawa ba. Ki riƙe wannan da kyau: duk ranar da kika ji bakinki ya ce wa mutum "ai wasa ne", to ki tsaya, kin riga kin ji masa ciwo. Wanda aka yi wasan da shi ne yake da ikon cewa wasa ne. Kuma kada ki taɓa miƙa wa wanda kika ɓata wa rai kyauta a madadin ban haƙuri, raini ne a kan raini.

Daga ranar Inna ba ta ƙara yi mini Hausa ba. In na je, Kambarci take amsa gaisuwata da shi, wanda na zubar tun ina yarinya, sai matar Yaya Audu ta riƙa fassara mini kamar baƙuwa. Ta daina zuwa kasuwa. An ce ta gwada ɗaukar kaya a ka don a daina kallonta, wuyanta ya ƙi, tsohuwa da ita. Ni kuma kullum ina cewa bari a gama wannan fim, in je in zauna da ita sosai in roƙe ta.

Muna lokeshan, wurin ɗaukar fim, a wani ƙauye kusa da Kano wani direban garinmu ya iso da saƙo: jikin Inna ya yi tsanani, in taho. La'asar ta yi, ina sanye da saƙinta, ƙwarya a kafaɗa. Na gaya wa Sabo. Ya dubi rana ya ce, "Fitowa biyu suka rage, gobe masu gidan nan za su karɓi gidansu. In kin tafi fim ya mutu. Ki daure, da safe ki kama hanya." Ba ɗaure ni ya yi ba, kada in ɗora masa abin da ba nasa ba. Ni na tsaya. Na yi ɗingishin, na tafa hannu sau uku, aka yi dariya, aka ce kat. Washegari ko da na isa an dawo daga maƙabarta. Na tambayi matar Yaya Audu ko ta bar mini wata magana. Ta sunkuyar da kai ta ce a'a.

Za su gaya miki aiki ba ya jira. Ƙarya ne. Na ga an tsayar da aiki kwana uku don jarumi ya yi fushi an kawo masa abinci ba nama. Ranar da aka ce miki ina kwance, ki ajiye ko mene ne a hannunki ki taho. Ba don ni kaɗai ba, don kanki.

Na rantse na bar fim. Na dawo Kontagora na auri babanki, Malam Isa tela, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai taɓa kirana da sunan wasa ba ko sau ɗaya. Aka haife ki na sa miki sunan Inna, wai ko zan rage nauyi. Kina shekara huɗu ciwo ya kwantar da shi. Ina tsaye a barandar asibiti ina kuka, ana ƙara masa ruwa, wata mai jinyar ɗan'uwanta ta gane ni. Ta kira 'yan'uwanta, suka kewaye ni: "Lah, Gwaggo Karangiya! Don Allah yi mana tafiyar nan!" Na ce mijina ne ba lafiya. Suka fashe da dariya, sun ɗauka shi ma cikin wasan ne. Ko kukana ya zama abin dariya, Uwani. Fuskar da na sayar ba ta ƙara zama tawa ba.

Bayan rasuwarsa na koma, don ga ki ga ciki, kuma sana'ar da na iya ke nan. Na roƙi Sabo ya ba ni fitowar uwa ta gaske, mai hankali, ko sau ɗaya. Ya gwada ni, tsakani da Allah. Na fito ina yi wa ɗana nasiha, ban yi ɗingishi ba, ban ɗaga murya ba. Da aka haska wa 'yan kasuwa, ina bayyana suka fara dariya tun ban buɗe baki ba. Aka yanke wurin. Sabo ya ce, "Rakiya, mutane sun riga sun saya. Koma ki ɗauki ƙwaryarki." Na ɗauka. Saƙin Inna dai na ɓoye shi, na sayi wani a kasuwa, amma ƙafar tata na ci gaba da ja har shekara goma. Sannan kaset ya mutu, faifai ya mutu, yara masu waya suka zo, aka daina kirana. Ba wanda ya ce mini an sallame ni, wayar ce kawai ta yi shiru. Sabo yanzu gidan mai gare shi. Ni ga ni da tanda.

Don haka abin da suka fara yi miki dariya a kai, ki ji tsoronsa fiye da abin da suka ƙi. Za su ce ki maimaita, ki sake maimaitawa, har ki tsufa a ciki. Tun da sauran ƙuruciya ki ce musu a'a wani lokaci, ko da za a ba wata. Ki fito a mai sayar da magani, ki fito a malamar makaranta, ki fito a abin da ba ya ba da dariya. Kuma ki sa a rubuta sunanki na gaskiya. A garin nan da na tsufa a cikinsa, in kika tsaya a tasha kika ce ina Rakiya, ba mai nuna miki rumfata.

Ban ce kada ki tafi ba. Kina da baiwa, kin fi ni, na gani da idona a wayar mai keke, kuma abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Sa mutane dariya ba zunubi ba ne, na ga marasa lafiya sun manta ciwonsu saboda ni. Amma ni da naman uwata na yi miyar.

Yanzu ga abin da na yanke. Ni dai ki yi da ni yadda kika ga dama. Fahariyata, kwalin kaset ɗina, yadda nake washe baki in baƙo ya gane ni, duk na ba ki, halak malak, ki ci abinci da su. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu yana yi. Amma na yafe miki, duniya da lahira, tun kafin ki roƙa. Na rubuta shi a nan da hannuna don ki ajiye, kada wata rana ki tsaya a ƙofar ɗakina kina tambayar mutane ko na bar miki magana.

Ɗingishin kuwa ba nawa ba ne balle in ba ki. Mai shi ta tafi ba ta yafe ba, ko ta yafe ban ji ba. Idan kika ja ƙafar nan a gaban kyamara, ki san ƙafar da kike ja, ki san kuma a hanyar ina ta karye. Sunanta ne a kanki.

In kin zazzage jakar ba za ki ga zanen ba. Na cire shi da safen nan kina wanka, na sa miki sabuwar atamfa a wurin. Ranar kasuwa mai zuwa zan rufe rumfa in hau motar Dukku in kai wa Yaya Audu, ya ba jikokinta da suka san ta. Aro na ce mata zan yi, yau shekara ashirin da wani abu.

Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu tafa miki suna tura ki rami. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, yajin nan kada ki bar shi a buɗe. In kin isa ki kira ni. In kin karanta wannan kin ji ba za ki iya magana ba, ki kira dai, ni zan yi maganar. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan babanki, ya dawo mini da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rakiya